Turancin Baffa Ɗanjuma, Kalma Ɗaya Tak

Duk wanda ya taɓa zama da Baffa Ɗanjuma, ko da na shan shayi kofi ɗaya ne, ya san da abin da yake buɗe baki. Kafin ka kai tsakiyar maganarka zai ɗaga hannu ya ce, "Ban yarda ba. Ci gaba." Ba wai ya ji abin da ka zo da shi ba ne, a'a, wuri yake kamawa tun da sauran lokaci. Ranar da aka zo masa da albishir daga Guri cewa 'yarsa ta sauka lafiya an sami namiji, sai da ya ce bai yarda ba, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko goron tukuici. Ina wurin, kuma ku da kuke murmushi kun san ban ƙara ko gishiri ba.

Ni ne Garba, ɗan ƙaninsa Malam Idi, kuma Baffa bai taɓa kirana da sunana ba tun da na fara koyarwa a firamare, sai dai Ticha. Mutanen unguwarmu sun san rabin labarin Turancin Baffa. Ɗaya rabin yana wurina, don ni na ƙulla shi, kuma yau zan tona kaina.

Shekara goma sha shida Baffa bai yi wa mahaifina magana ba. Gida ɗaya, zaure ɗaya, sahu ɗaya a masallaci. A kan me? Taku huɗu na ƙasa. Gonakinsu na fadama da suka gada manne suke da juna. Wata shekara kogi ya cika ya share iyaka, kamar yadda ya saba, da ya janye sai kowa ya nuna inda ya tuna. Tsakanin yatsan Baffa da yatsan Baba taku huɗu ne, wurin da ko rabin buhun shinkafa ba zai bayar ba. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, aka yi ta safa da marwa a banza. Baffa ya ce shi da Idi magana ta ƙare sai ya amsa ya yi kuskure. Baba kuwa kada sanyinsa ya ruɗe ku, nono ɗaya suka sha. Aka bar wurin ba shuka, ciyawar kachala ta cika shi, tsuntsayen jan-baki suka yi sheƙa a ciki suna cin shinkafar su biyun ba nuna bambanci.

To ga inda abin ya zama wasan kwaikwayo. Kakarmu kafin ta rasu ta sa sun yi mata alkawarin ba za su taɓa raba kwano ba. Baffa mutum ne mai riƙe alkawari kamar yadda yake riƙe gaba. Don haka kullum bayan magariba za a kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar tarwaɗa, su zauna su sa hannu a kwano ɗaya, ni kuma a tsakiya ina aikin tafinta tsakanin Hausa da Hausa.

"Ticha, a gaya wa mai gonar gabas ya janye hannunsa. Kan kifin nan a yankina yake."

Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Garba, ka gaya wa Yaya miya ta share iyakar."

Ku dariya yake ba ku, ni ma na sha ƙwarewa da tuwo. Amma ga mahaifina ba abin dariya ba ne. Baffa ne ya riƙe shi bayan mutuwar ubansu, shi yake goya shi ya haye da shi ruwa zuwa makaranta in damina ta yi nisa. Na sha ganin Baba ya buɗe baki zai ce Yaya, sai ya haɗiye ya kai loma. Ga Baffa ya haura saba'in, numfashinsa ya fara yin sama in ya yi tafiya. Tsorona ɗaya ne a duniya a lokacin, kada a wayi gari ɗayansu ya tafi a haka.

Ana nan sai manoman fadamarmu suka naɗa Baba magatakarda, saboda ya yi firamare. A wani taro da malaman gona, Baba ya tashi ya jefa kalmar Turanci, ajanda, har sau biyu, mutane suna gyaɗa kai. Baffa ya dawo gida yana huci. Washegari Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar ɗakina, da tabarmarsa a hammata, da tabaransa mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare.

"Kalma ɗaya nake so ta Turanci," in ji shi. "Ɗaya tak, ba ni da wurin ajiye biyu. Amma mai nauyi, wadda ubanka bai taɓa ji ba."

Na ce ai gara mu fara daga gaisuwa. Ya ce shi bai zo gaida kowa ba. Na ɗauko ƙamus ina buɗawa, ina kallonsa ta gefen ido, kuma har yau ban san ko mala'ika ne ko shaiɗan ya raɗa mini ba. Na tsayar da yatsa na ce ga ta nan, konkod. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce ma'anarta jituwa, mutane su daidaita, bakinsu ya zo ɗaya, zuciyarsu ta kwanta da juna. Ya ce bai yarda ba. Ya ce lallai Turawa ba su da aikin yi, tunda har suka zauna suka raɗa wa abin da ba wanda ya taɓa gani suna. Amma ya sa na maimaita sau uku, ya ce ba laifi, tana da ƙara irin ta taɓarya a turmi. Ya sa na rubuta masa ita da ajami a 'yar takarda, ya ninke ya cusa a cikin hularsa. Kwana uku duk inda ka ji ana konkod, konkod a bayan gida, Baffa ne yake ba awaki dusa.

Na ɗauka a taro na gaba zai tashi ya jefa ta ya huta. Ashe na manta da wa nake. Kun san Baffa da iri. In malaman gona sun kawo sabon irin shinkafa kowa yana rububi, shi sai ya karɓi tafi ɗaya ya shuka a kusurwar gona, ya zuba masa ido damina uku kafin ya ce uffan. Ya ce kalmar ma haka, ba zai fitar da ita gaban jama'a ba sai ya gwada ta a gida ya ga ta yi. Na ce to amma wannan irin mutum ɗaya ba ya shuka shi, sai an zama biyu. Ya harare ni ya ce ai yana da mata.

Kafin ya isa wurin Inna Hajara ni na riga shi ta ƙofar baya, na gaya mata abin da ke tafe. Inna da ta shekara arba'in tana mayar masa da magana kafin tasa ta faɗi ƙasa, ta ce in bar ta da shi. Ya zo ya zaunar da ita ya sanar da ita cewa daga yau gidan nan konkod za a yi. Ya fara da cewa miyar jiya gishiri ya yi mata yawa. Ta ce haka ne, Malam. Ya ɗan yi turus. Ya ce akuyar nan tata mai ɓarna sayar da ita za a yi. Ta ce yadda ka ce, Malam. Ya gyara zama, ya ce danginta na Birniwa duk marowata ne, tun daga kan kakanta. Inna ta ce wallahi ita ma ta daɗe da lura. Gumi ya fara keto masa. Daga ƙarshe ya nuna gabas ya ce nan ne yamma, ta ce ai tun tana yarinya take zargin haka.

Kafin la'asar ya iso ɗakina ko sallama babu.

"Matar nan ta raina ni, Ticha. Tun safe ba ta musa mini ko sau ɗaya ba. Me na yi mata?"

Na ce ai abin da ya nema ke nan. Ya ce ba shi ba ne, kuma laifin ba na irin ba ne, ƙasar ce ta yi laushi da yawa. Inna kuwa ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa hutawa irin na ranar ba, kuma ta yanke shawarar za ta riƙa yi masa haka duk Juma'a.

Gwaji na biyu shi ne wanda ya zagaya gari. Da kaka, shanun Ardo Buba suka faɗa gonar tattasan Sule a kan hanyar Kirikasamma. Aka taru a gindin tsamiya, murya ta yi sama, har an fara gyara riƙon sanda. Ba wanda ya kira Baffa. Ya ji labari a bakin kasuwar kifi, ya hau tsohon kekensa, ya isa ya jingine shi, ya ce a ba shi wuri ya zo da magani daga Turai. Ya dubi Sule ya ce shingen da ya yi ko ɗan tsako ba zai tare ba, tattasan ma duk tsutsa ce, shanun taimakonsa suka yi. Ya juya ga Ardo ya ce shanunsa ga rama ga rashin tarbiyya, kuma ba daga nesa suka ɗauko halin ba. Sannan ya yanke hukunci cewa su biyun duk masu laifi ne, su ba shi haƙuri don sun ɓata masa yini.

Jama'a, sai ga Sule ya yi kan Baffa, Ardo ne ya riƙe shi yana cewa ya bari, tsoho ne, ba girmansa ba ne. Can kuma Ardo ya harzuƙa da ya tuna zancen tarbiyya, Sule ya riƙe shi ya miƙa masa ruwa a buta. Don dai su rabu da Baffa, nan take suka koma gefe suka shirya a tsakaninsu, cewa in an gama tsinkar tattasai shanun Ardo za su zauna a gonar Sule su zuba masa taki har wata guda. Suka yi musafaha. Baffa ya dawo gida yana tura keke, don wani ya sace masa iskar taya, hularsa a karkace, fuskarsa kuwa fal annuri.

"Ticha, ta tsiro."

Da na yi shiru na taya shi murna da an wuce wurin. Amma bakina ba ya jin magana. Na ce lallai sun jitu, sai dai a kansa suka jitu, shi ba ya ciki, irin a gonar wasu ya fito. Na ce, "Gona ɗaya ta rage maka, Baffa, kuma kullum kana cin tuwo da mai ita."

Annurin ya ɗauke. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya jingine keken ya shige ciki. A ranar na shiga sahun waɗanda ba a yi wa magana.

Sai dai Baffa bai yi lissafin abu ɗaya ba. Da magariba muka zauna mu uku a gaban kwano, ba mai magana da wani, ba kuma ɗan aike. Ya so ruwa, ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi rufin zaure. Daga ƙarshe ya fuskanci kyanwar gidan ya ce a gaya wa wanda zai gaya wa mai gonar gabas ya turo moɗa. Kyanwa ta yi hamma ta fita. Haka muka yi kwana takwas. A na tara Baba ya miƙa hannu a natse ya ɗauke kan kifi daga tsakiyar yankin Baffa, ya tsotse shi tas, ga shi babu hanyar da za a shigar da ƙara. Da safe Baffa ya tare ni a ƙofar gida ya ce ya janye fushinsa, ba don na yi daidai ba, don kan kifi.

Taron manoma ya sake zagayowa. Zuwa lokacin rabin gari ya san akwai abin da ke cikin hular Baffa, wasu ma don shi suka zo. Baba ya tashi ya ce ajanda. Kowa ya waiga. Baffa ya kai hannu ya taɓa hularsa, ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannun ya ci gaba da cin goronsa. A hanyar gida na tsokane shi na ce ko ta gudu ne. Ya ce tana nan, amma shi bai taɓa raba wa mutane irin da bai yi a gonarsa ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Duk taurin kan mutumin nan, ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da damina ta kai tsakiya ruwa ya cika fadama, Baffa ya ce sai ya je ya ga shinkafarsa da idonsa. Inna ta hana, ya tafi. Ya shiga ruwa har ƙugu, ya dawo da zazzaɓi, zazzaɓin ya sauka a ƙirji. Muka kai shi asibiti, ya kwana huɗu yana musu da duk wanda ya zo da allura, sannan ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini abin da na riga na gani a ƙafafunsa da suka kumbura.

Kullum da hantsi Baba zai ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar ɗakin Baffa ta waje, ya zauna yana jan carbi har azahar. Ba ya shiga, ba ya tafiya. Na kalli wannan abu kwana biyar, raina ya ɓaci da su duka biyun. Ranar wata Talata na kama hannun mahaifina, abin da ban taɓa yi ba, na ja shi har bakin gadon. Baffa ya buɗe ido ya gan shi, ya juyo gare ni, muryarsa can ƙasa.

"Ticha, a gaya wa mai gonar gabas..."

Na ce, "Baffa, na ajiye aiki. Shekara goma sha shida ko hutun Sallah ba a ba ni ba. Ga shi, ga ka."

Na fita na saki labule. Na gaya wa Inna ko wa ya zo dubiya a tsayar da shi a zaure. Na koma bayan ɗaki na jingina da bango, ina kasa kunne, don wallahi ban san yadda za ta kaya ba. Na san Baffa zai iya juya fuska ga bango ya mutu a haka, kuma in ya yi, ni na jawo wa mahaifina wannan. Har na fara tunanin komawa in ba da haƙuri.

Can na ji an ce, "Idi."

"Na'am, Yaya."

"Ba haka ba ne. Iyakar nan daga kututturen giginya take."

Na ji Baba ya ce, "Wallahi Yaya, daga bakin tsohuwar rijiya take."

Shi ke nan, aka buɗe. Suka yi ta yi har aka kira azahar. Aka tono wanda ya kifar da kwalekwalen ubansu, aka tono wanda ya cinye daddawar kakarmu ya ce ɓera ne. Inna tana tsakar gida ta toshe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Da Baba ya fito gemunsa sharkaf da hawaye, yana dariya kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Ya kama kafaɗata ya ce, "Ya ce mini shashasha, Garba. Baki da baki."

Kada ku ɗauka sun daidaita a kan taku huɗun nan. Ko kusa. Da yamma na shiga na gaya wa Baffa, a matsayina na malaminsa, cewa in za a bi ƙamus wannan da suka yi ba konkod ba ce, gardama ce zalla. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce wanda ya rubuta littafin nan nawa ba shi da ƙane.

Kwana goma sha ɗaya suka samu. Baba ya daina zama a ƙofa, ya koma bakin gado, shi yake ba shi kunu, shi yake juya shi. In ka wuce za ka ji suna musu a kan shekarar da aka yi babban ruwa, ko a kan wace ce ta fi iya dambun kifi a cikin gwaggonninsu. Wani lokaci kuma ba ka jin komai, in ka leƙa sai ka ga Baffa yana barci, hannunsa a cikin na ƙaninsa. Ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyar Baba.

Da aka fito da shi ƙofar gida, liman ya roƙi jama'a duk wanda Baffa ya ɓata wa ya yafe masa. Wurin ya ɗauki an yafe, an yafe, har da Sule da Ardo Buba da suka zo tare. Baba kaɗai ya yi shiru. Liman ya dube shi ya ce, Malam Idi fa?

Baba ya ce, "Na yafe masa tun kafin ya yi. Amma ni ban gama da shi ba, Malam. Kwana goma sha ɗaya kawai ya ba ni. Akwai sauran magana da yawa."

Ya durƙushe a nan, sai da muka ɗaga shi mu biyu kafin a tayar da salla.

Allah ya jiƙan Baffa Ɗanjuma, ya yafe masa taurin kansa, ya dubi gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Allah ya haskaka makwancinsa, ya ba mahaifina haƙurin rashinsa. In tasa ta zo bayan tsawon rai, Allah ya haɗa su a inuwa ɗaya a Aljanna, su ƙarasa maganarsu. Amin.